Daga Alajo Zuwa Salaga a Kan Keke: Kwana Goma a Hanyar Fataken Goro



Duk yaron da ya tashi a zangunan Akara, ko Nima ko Mamobi ko Sabon Zango ko nan Alajo, ya sha jin sunan Salaga a bakin tsofaffi. Mu a gidanmu ana ambatonta ne kamar yadda ake ambaton wata kaka da ta rasu ba a san ta ba. Kakan mahaifinmu Ba'agale ne daga ƙasar Kano, ya biyo ayarin goro zuwa Gwanja, ya yi aure a Salaga, a can kuma rai ya yi halinsa. Da yaƙin basasa ya ci garin a 1892, matarsa ta goyo jaririnta ta gudo Yeji. Wannan jariri shi ne kakanmu. Daga Yeji zuri'a ta gangaro Kumasi, daga Kumasi ta sauka Akara, tun daga ranar kuwa babu wani daga cikin gidan da ya sake taka Salaga.

Labarin ya ƙara nauyi a gidanmu saboda abin da ya faru a watan Nuwamba na 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasa. Zanguna suka watse, ƙanin mahaifinmu ya kwashi iyalinsa ya nufi Nijeriya, ƙasar da bai taɓa gani ba. Kakanmu kuwa, yana tsoho mai shekara kusan 80, ya ce babu inda za shi, domin ubansa yana kwance a Salaga. Da wannan magana tasa aka rene mu. Ga shi mahaifinmu ya tsufa a limanci, idonsa ya yi rauni, bai taɓa ganin garin da aka kafa hujjar zamansa da shi ba.

Yadda aka ɗaura niyya

Mu huɗu ne, tun muna makarantar allo muke tare: tela, malamin firamare, mai gyaran keke a Nima, sai mai wannan rubutu. Mun saba fita da kekuna ranar Lahadi bayan asuba, mu hau dutsen Aburi mu dawo kafin azahar. A wata irin wannan fita ce telan ya ce, tun da fatake sun yi Kumasi zuwa Salaga a ƙafa suna kora jakuna, kunya ce a ce mu masu ƙafar ƙarfe mun kasa.

Da muka kai maganar gaban mahaifinmu, sai ya yi shiru har muka zaci ya ƙi. Can ya ce, “Mota ta ƙare ne a Gana?” Muka ce, “Allah gafarta Malam, mota ba ta tsayawa inda fatake suka tsaya.” Ya yi murmushi, sa'an nan ya kafa mana sharuɗɗa uku: kada mu yi tafiyar dare, kada mu kwana a ƙasar mutane ba mu nemi izinin masu ita ba, kuma mu naɗa shugaba guda wanda in ya yanke magana ta yanku. Bayan haka ya ba mu saƙo: in Allah ya kai mu, mu nemi gidan kakansa, in ba mu samu ba mu tsaya a tsohuwar maƙabarta mu yi masa addu'a. Ya kuma tuna mana hukuncin ƙasaru a mazhabar Malikiyya, cewa tafiyar da ta kai mil 48, wato kimanin kilomita 80, ana mayar da salla mai raka'a huɗu zuwa biyu, muddin mutum bai yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri guda ba.

Muka raba muƙamai irin na ayarin da. Malamin firamare, da yake ya girme mu, shi ne madugu. Telan ya zama jagaba, mai wucewa gaba ya nemo masauki. Mai gyaran keke ya riƙe kayan faci da famfo da sarƙar ajiya, mu kuwa aka ba mu jakar kuɗi da littafin lissafi. Kowa ya ɗaure wa kariyarsa gidan sauro da bargo da sallaya da buta, muka haɗa kuɗi muka sayi ƙaramin tanti guda da risho da tukunya. Guzurinmu garin rogo ne da suga da gyaɗa da ƙuliƙuli da dabino.

Hanyar kurmi

Ranar wata Litinin a tsakiyar Disamba na 2023 muka tashi daga Alajo bayan sallar asuba. Kafin mu bar unguwa sai da muka tsaya wurin mai koko ta bakin hanya, wadda tun muna yara muke shan kokonta, muka karya da koko mai citta da kanumfari da ƙosai mai zafi. Ta ƙi karɓar kuɗi, ta ce mu kawo mata tsarabar doya. Muka bi ta Acimota da Amasaman, hantsi bai gama ɗagawa ba muka isa Nsawam, garin da kowane matafiyi ya sani da burodi da soyayyar doya. Mata suka yanyame mu da tire a ka, suna tambaya da Tuwi ina muka nufa. Da muka ce Salaga, ɗaya ta dafa ƙirji ta kira 'yan'uwanta su zo su ga mahaukata.

Gaskiyar magana, hanyar Akara zuwa Kumasi ba ta da daɗi ga mai keke. Tsawonta kimanin kilomita 250 ne, kuma ita ce hanyar da tireloli ke bi daga tashar jiragen ruwa ta Tema zuwa Burkina Faso da Mali da Nijar. Inda aka raba ta biyu da sauƙi, amma inda ta matse babu abin da ke tsakaninka da ajali sai tafin hannu guda na kwalta. A rana ta biyu, tsakanin Suhum da Nkawkaw, wata motar katako ta zo wuce wata, iskarta ta jefa telan cikin kwata. Allah ya tsare, gwiwa ce kawai ta kuje, sai ƙafar gaba da ta lanƙwashe. Mai gyaranmu ya zauna a gindin bishiya ya daidaita wayoyinta ɗaya bayan ɗaya har ta miƙe. Tun daga nan madugu ya kafa doka: a yi layi ɗaya, kowa da hular kwano, kuma duk wanda ya ji ƙahon babbar mota a bayansa ya sauka daga kwalta ba gardama.

Amma ƙasar kanta abin kallo ce. Gonakin koko ne hagu da dama a ƙarƙashin manyan rimaye, ga agade da kwakwar manja, ga wake-waken koko an shanya a kan tabarmin gora yana wani irin ƙamshi mai tsami-tsami. Da muka doshi Nkawkaw sai duwatsun Kwahu suka tsaya a damanmu kamar katangar birni, hazo ya rufe kawunansu.

A wannan yanki ne matafiyi Musulmi yake buƙatar buɗe ido wajen abinci. Bakin hanya cike yake da masu ɗaga gyazbi da katantanwa da naman daji iri-iri, ga bammi a jarka. In mun shiga rumfar abinci mukan tambayi abin da ke cikin miya tun kafin a zuba, kuma ba mu taɓa haɗuwa da wadda ta ji haushin tambayar ba. Wata ma da ta ga butocinmu ita ta fara cewa miyar nan ba tamu ba ce, ta aika 'yarta ta nuna mana rumfar wata Hajiya a bayan tasha. Mafi yawa mun dogara ga dokunu da soyayyen kifi da barkono, ko gasasshen agade da gyaɗa, ko dafaffiyar doya da miyar ganyen gwaza. Inda muka ga tukunyar shinkafa da wake kuwa, nan muke yada zango. Wannan abinci da duk Gana ke kira wace sunansa daga kalmarmu ta wake ya fito, jan launinsa kuma daga karan dafi ne da ake jefawa cikin tukunya. Haka koko da ƙosai da tuwon zafi da pinkaso: a ƙauyen da babu mai jin Hausa ko ɗaya za ka iske ana kiran su da sunayen da kakanninmu suka zo da su.

Daren farko mun kwana a masallacin zangon Suhum. Dare na biyu magariba ta riske mu a wani ƙauye da babu zango, jagaba ya je ya gai da dagacin garin ya faɗi buƙatarmu. Aka ba mu barandar makarantar mishan, malamin cocin da kansa ya kawo mana bokitin ruwa biyu, ya kuma tambaye mu ina ne gabas ɗinmu domin ya hana yara gittawa. Muka ɗaura gidajen sauro a jikin ginshiƙai, muka jiƙa gari da suga da gyaɗa, muka kwanta muna jin kukan kwaɗi.

Kumasi da dutsen Mampong

Ranar Alhamis da la'asar muka shiga Kumasi ta Konongo da Ejisu, muka sauka a Aboabo wurin dangin mahaifiyarmu. Muka huta ranar Juma'a, muka yi salla a babban masallaci, muka zaga kasuwar Kejetiya. A layin masu goro wani dattijo ya kwance mana huhu ya nuna mana yadda ake jera goro cikin ganye a yayyafa masa ruwa, a riƙa buɗewa ana tsince wanda ya fara lalacewa. Ya ce wannan aiki shi fatake suke yi a kowane zango har su kai Kano, tafiyar watanni. Goro ɗan kurmi ne, a ƙasar Asante yake yi, Gwanja kasuwarsa ce kawai. Sarakunan Asante ba su cika barin fataken arewa su shigo kurmi ba, shi ya sa ake kai musu shi Salaga, su kuma su kawo kanwa da tufafi da fatu da dabbobi. Muka sayi ƙwarya guda, wato goro 100, domin gaisuwar manya a hanya.

Daga Kumasi muka kama ainihin tsohuwar hanyar goro, wadda ta bi ta Mampong da Ejura da Atebubu da Prang zuwa Yeji, kimanin kilomita 230. Bayan Jamasi hanya ta miƙe sama tana nannaɗe dutse, a nan ne kuma tafiyar ta kusa watsewa. Telan, da gwiwarsa ta kumbura, ya sauka yana tura keke, mu kuwa da muka riga shi kaiwa sama muka yi masa dariya. Da ya iso bai ce uffan ba, ya kwance kayansa ya ce shi daga nan mota zai shiga ya koma Akara, tun da abokan tafiya sun zama 'yan kallo. Muka yi tsuru-tsuru. Madugu ya zaunar da mu a bakin hanya ya ce, “Malam ya ce in na yanke magana ta yanku. To, na yanke: daga yau mai rauni shi ne a gaba, kowa ya bi sawunsa. Wanda ya wuce shi, shi zai wanke tukunya.” Sa'an nan ya sa muka raba kayan telan a tsakaninmu, muka ba shi haƙuri. Sannu ba ta hana zuwa. Tun daga ranar tafiyarmu ta ragu da sauri, ta ƙaru da daɗi.

Inda kurmi ya ƙare

Bayan Mampong ƙasa ta fara buɗewa. Manyan itatuwa suka ja baya, ciyawa ta yi tsawo ta bushe, iskar hunturu ta fara fasa mana leɓe, har sai da muka sayi man kaɗe a Ejura muna shafawa. Ejura garin masara ne da doya, zangonta kuma babba ne, Hausa ake yi a kasuwa kamar kana Nima. A nan muka ci tuwon zafi da miyar ayoyo wanda har yau muna zancensa, mai tuwon tana yi mana faɗa wai mun rame.

Tsakanin Ejura da Atebubu ne muka yi kwanan daji na sosai. Rana ta yi ƙasa, babu gari kusa, sai muka hangi rugar Fulani nesa kaɗan da hanya. Jagaba ya je da goro biyar ya yi sallama. Maigidan ya fito ya dube mu ya dubi kekunanmu, ya nuna mana wani fili da shanu suka tattake, ya ce mu kafa tanti a nan, kada mu kuskura mu kwana cikin doguwar ciyawa, saboda maciji da kuma wutar daji. Muka share wurin, muka dafa shinkafa a risho, matarsa ta aiko mana da nono da soyayyen wagashi, cukun nan na Fulani mai laushi. Bayan isha ya zo ya zauna, muka yi hira da Hausar da ta fi tamu tsabta, domin ya yi kiwo a ƙasar Sakkwato yana saurayi. Ya yi mana dariya da ya ji muna cewa mace ya zo, irin Hausarmu ta Akara da ba ta raba namiji da mace. Muka ji kunya, musamman mu da aka ce mun yi karatu.

Tsakar dare sanyi ya tashe mu, muka leƙa waje muka ga sararin gabas ya yi ja. Wuta ce mafarauta suka saka, tana tafe tana ƙara kamar ana yayyaga ƙyalle. Bafulatanin da 'ya'yansa suna tsaye da ɗanyun rassa a hannu. Muka fito muka tsaya tare da su har iska ta juya da ita kudu. Da mun kafa tantinmu inda muka fara nufa, da labarin ya sha bamban. A nan muka gane hikimar sharaɗin mahaifinmu na neman izinin masu ƙasa: wanda ya ba ka izini shi ne zai gaya maka abin da ƙasar take ɓoyewa.

Atebubu kasuwar doya ce, an tara ta tsibi-tsibi ana lodin manyan motoci. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, ikon Asante ya sassauta a arewa, cinikin goro ya fara barin Salaga, garuruwa irin su Atebubu da Kintampo suka samu rabonsu. Daga nan sai Prang, garin da in ka shiga za ka rantse an ɗauko wata unguwa ce daga ƙasar Hausa an dasa: ga makarantun allo, ga tsofaffi da rawuna a ƙofar gida. A nan Shehu Abdullahi Maikano ya zauna, kuma har bayan rasuwarsa a 2005 jama'a ba su daina zuwa garin ba. Muka yi azahar, aka ba mu fura, muka wuce Yeji kafin magariba.

Ƙetare ruwa

Yeji warin kifi take yi tun daga nesa, domin ko'ina mata ne ke banda karfasa da tarwaɗa a kan tanderun laka. Da safe muka tura kekuna cikin jirgin fito tare da motocin doya da babura da awaki. Lokacin da matar kakan mahaifinmu ta ƙetare nan da goyo a 1892, kogi ne mai gaɓa biyu da ake hangen juna. Madatsar Akosombo da aka gama a 1965 ita ta mayar da shi tafki mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,500, ta tashi mutane wajen 80,000 daga garuruwansu, har da tsohuwar Kete-Karaci. Har yanzu kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suna tsaye a cikinsa, su ne kuma babban haɗarin kwalekwale. Muka tsaya a bakin ƙarfen jirgi muna duban ruwa, muna tunanin wata mace da ba mu san ko sunanta na yanka ba, wadda da ƙafarta ta zame a wannan mashigi da babu gidanmu a Alajo.

Daga Makango zuwa Salaga bai kai kilomita 40 ba. Kaɗanya da ɗorawa da kuka suka karɓe mu, ƙura ta mayar da mu jajaye. Ranar Laraba, kwana goma da barinmu gida, muka shiga Salaga da la'asar sakaliya, telan yana gaba.

Salaga

Wanda ya zo da labarin tsofaffi a kunnensa zai yi mamakin ƙanƙantar garin. Kasuwar da ta tara Hausawa da Barebari da Wangarawa da Mosawa da Yarabawa ta zama gari mai shiru, ga babura, ga shagunan waya. Muka sauka wurin limamin wata unguwa, muka miƙa goro, muka faɗi saƙon mahaifinmu. Washegari ya haɗa mu da wani tsoho wanda aka ce ya fi kowa sanin gidajen da. Tsohon ya sa muka maimaita sunan kakan har sau uku, ya ambaci gidajen Agalawa da ya ji a bakin iyayensa, ya girgiza kai. Ya ce, “'Ya'yana, yaƙin nan bai bar gida a tsaye ba. Rigimar sarautar Kpembe ce ta jawo shi, amma baƙi ne suka watse. Wanda ya tafi Karaci ya tafi, wanda ya tafi Yeji ya tafi.” Ya tuna mana cewa cikin waɗanda suka bar garin har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya yi rubuce-rubuce da Larabci da Hausar ajami, wanda ya koma Kete-Karaci ya yi limanci har ya rasu a 1934. Ba mu samu gidan ba. Tsohon ya raka mu tsohuwar maƙabarta, inda babu alama a kan kowane kabari, muka tsaya muka yi addu'a ga namu da na kowa.

Sa'an nan ya ce akwai inda ya kamata mu gani. Ya kai mu bayan gari wurin tsofaffin rijiyoyi, ramuka birjik a cikin ciyawa, waɗanda har yau da Hausa ake kiran wurin: Wankan Bayi. A nan ake wanke mutanen da aka kamo, a shafe su da man kaɗe, a kai su kasuwa. Salaga ba goro kaɗai ta sayar ba. A shekarun 1880 mayaƙan Zabarmawa ƙarƙashin Babatu sun yi ta kai hari ƙasashen Gurunsi da Sisala, da yawa daga waɗanda suka kama kuwa nan aka kawo su.

Mai gyaran kekenmu Basisale ne. A Nima aka haife shi, Hausa ce harshensa, tare muka yi saukar Alƙur'ani, kuma a cikin shekara talatin ba mu taɓa tsayawa mun yi tunanin wannan ba. Ya tsuguna a bakin wata rijiya ya daɗe bai ɗago ba. Da ya tashi sai ya dube mu ya ce, “Kai ka zo neman gidan kakanka. Ni kakata ta ce an tafi da yayyen babanta biyu, ba a sake jin labarinsu ba. Wataƙila a nan aka yi musu wanka.” Babu wanda ya iya ba shi amsa. Ba mu da shaidar cewa kakanmu ya sayi mutum ko ya sayar, amma a kasuwar nan ya ci abincinsa, kuma mu da aka rene mu da alfaharin Salaga ba a taɓa gaya mana wannan rabin labarin ba. Madugu ya ce mu ɗaga hannu. Muka yi wa waɗanda aka wanke a wurin addu'a kamar yadda muka yi wa waɗanda ke maƙabarta, shi mai gyaran ne ya shafa mana fatiha.

Da dare muka ci wasawasa a bakin tasha, ba mai cewa komai. Can sai ya tura mana ƙwaryarsa ya ce mu ƙarasa, shi ya ƙoshi, kuma gobe a tashi da wuri domin sarƙar kekenmu tana buƙatar mai.

Komowa

Ba za mu ɓoye muku ba, a mota muka dawo. Muka ɗora kekuna a kan motar Tamale, daga can muka shiga babbar bas zuwa Akara, tafiyar da ta ci mana kwana goma ta ƙare a yini da dare. Mai koko ta samu doyarta.

Muka durƙusa gaban mahaifinmu muka ba shi labari tun daga Nsawam har maƙabarta, muka ce ba mu samu gidan ba. Ya ce dama bai sa rai ba, addu'ar ita ce saƙon. Da muka zo kan Wankan Bayi sai ya sunkuyar da kai, ya ce ya taɓa ji a bakin mahaifinsa, amma ba a son faɗa. Ya sa aka kira masa abokin namu, ya zaunar da shi a kan buzunsa, abin da bai taɓa yi wa ɗayanmu ba, ya tambaye shi sunayen mutanen nan biyu. Tun daga ranar, in yana addu'ar magabata bayan sallar asuba, yana haɗawa da su.

Ga matasanmu masu sha'awar irin wannan tafiya, ga abin da muka koya. A zaɓi lokacin rani, a fita da asuba a huta daga azahar zuwa la'asar, kada a wuce kilomita 60 zuwa 80 a yini. A riƙe katin shaida a jiki, domin akwai shingayen jami'an tsaro a hanya. Kada a raina gidan sauro, kada a sha ruwan da ba a amince da shi ba, a kuma tafi da wanda ya iya gyara. A riƙe goro, domin har yau yana buɗe ƙofar da kuɗi ba ya buɗewa. Ga iyaye kuma, muna roƙo ku riƙa ba 'ya'yanku labarin inda aka fito tun kuna da rai, mai daɗin da marar daɗin, kada su je su tsince shi a bakin rijiya kamar yadda muka yi.

Muna shirin zuwa Kete-Karaci in Allah ya kai mu wani ranin, telan ya ce shi ne madugu. Allah ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya, ya tsare matafiya a duk inda suke, ya bar zumunci. Wassalamu alaikum.